Sanarwar Ɗage Intabiyu

An jera kujeru a bakin ɗakin taro domin masu neman aiki a laburaren jami'a, amma har rana ta take mutum ɗaya ne ya zo. Sai da magatakarda ya kira wata daga cikin sauran a waya ya ji dalili. Shafin jami'a na intanet ya ce an ɗage intabiyun sai baba ta gani, alhali babu wanda ya ba da wannan umarni.

Sufeton da aka turo ya binciki lamarin mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya auna ta. Ya tarar magatakarda ya riga ya yanke hukunci.

"Injiniyar nan ce," in ji magatakarda. "Makon jiya ta kwashe shafinmu daga na'urar da ke ƙasan bene, ta kai shi na'urorin wani kamfani, wai gajimare. Da kalmar sirrinta aka shiga. Gobe zan sallame ta."

"Nuna mini sanarwar."

Magatakarda ya buɗe shafin a kwamfutar teburinsa, ya duba sama da ƙasa bai ga komai ba. Ya ja tsaki, ya zaro wayarsa, sai ga ta ɓaro-ɓaro. Sufeto ya dubi kwamfutar, ya dubi wayar, ya ce kada kowa ya taɓa komai.

Injiniya tana zaune cikin tarin wayoyi, idonta ya yi ja. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye ba, domin aikin nan shi ke riƙe da gidansu.

"Me ya sa waya ke nuna sanarwar, kwamfutar ofis ba ta nunawa?"

"Yallaɓai, ƙaurar ba ta kammala ba. Duk kwamfutocin ofisoshi tsohuwar na'ura suke kallo har yanzu. Na waje ne kawai ke ganin sabon shafi."

"Wa ya san haka?"

"Na faɗa a taro, amma ana cikin rabon shayi."

"Wa kika ba kalmar sirrinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Mutum biyu, kafin in buɗa wa kowa tasa. Baba mai kula da tsohuwar na'ura, da jami'in yaɗa labarai."

Sufeto ya sauka ƙasan bene. Ɗakin sanyi kamar cikin firji, dattijon na goge ƙura daga na'urar da aka daina yayinta.

"Baba, an ce ƙaurar nan ta raba ka da kujerarka. Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Har gobe ban yarda da ajiyar da ba na iya taɓawa da hannu ba."

"Kana da kalmar sirrin."

"Ina da ita. Ina kuma da 'ya da ta goge kayanta tun ranar Asabar saboda intabiyun nan, ta ga sanarwa ta zauna a gida. Je ka tambayi uwarta irin kukan da ta sha. Ni zan yi wa 'yata haka?"

Sufeto bai yarda ba sai da ya koma wurin magatakarda ya tabbatar. Yarinyar da aka fara kira a waya ita ce 'yar dattijon.

Jami'in yaɗa labarai ya tarbe shi da fara'a har ta yi yawa, ya ja masa kujera, ya tambayi iyali.

"Yaushe ka fara ganin sanarwar?"

"Litinin da safe, ina shigowa. Na ɗauka daga sama ta zo, shi ya sa ban tanka ba."

"A waya ka gani, ko a gida? Ka san za mu duba wayoyin ma'aikata da kwamfutocinsu na gida."

Fara'ar ta ɗan rage. "A'a, ni ba na kai aiki gida, ba na kuma buɗe shafin a waya. A nan na gani, a kan teburin nan."

"Ka tabbata?"

"Da idona."

"To nuna mini."

Jami'in ya juya ga kwamfutarsa da ƙarfin gwiwa. Ya buɗe shafin, ya sauka, ya hau, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ai... an goge ta ke nan."

Sufeto ya ajiye wayarsa a kan teburin, sanarwar na nan daram.

"Ba a goge ba. Kwamfutarka ba ta taɓa nuna ta ba, don tsohon shafi take kallo. Ka san abin da sanarwar ta ƙunsa saboda kai ka rubuta ta a gida, ka saka a sabon shafi da kalmar sirrin baiwar Allah nan. Da na ambaci gida sai ka gudo ofis ka ɓuya, ba ka san ofis ne kaɗai inda ba a ganinta ba. Da ka saurari taro maimakon shayi, da ka zaɓi wata ƙaryar."

"Ni me zan samu a ciki da zan yi haka?" in ji jami'in.

"Na yi magana da mutum ɗayan da ya zo intabiyu. Ya ce shi bai duba shafi ba. Amma da na tambaye shi wa ya tsaya masa, ya ce mijin yayarsa ne, yana aiki a nan. Ya ka ce sunan matarka?"

Jami'in ya dafe kai da hannu biyu.

Da yamma magatakarda ya kira Injiniya. Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba su iya ba, ya dai ce ta saka sabuwar ranar intabiyu, ta kuma kashe tsohuwar na'ura kowa ya huta. Ta sauka ƙasan bene, ta tsaya gaban na'urar da ta wanke ta, ta kasa miƙa hannu.

"Baba, kai za ka kashe ta."

Dattijon ya ɗora yatsa a kan maɓallin, sai ya dakata.

"Tsaya tukuna, 'yata. Fara saka ranar, in kira gida in ce yarinyar ta sake goge kayan."