Shuɗin Zaren da Ya Fito Daga Cikin Uzairu

"Duba nan! Hasiya, na ce ki duba!"

Inna Turai ta dangwarar da gwangwani a gaban matar ɗanta. Fitsarin ɗan nata Uzairu ne a ciki, jawur kamar zoɓo, ga wani siririn shuɗin zare yana juyi a sama shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

Hasiya ta leƙa gwangwanin.

"Inna, wallahi ban..."

"Rufe min baki! Duk garin nan na Yako wa ke ɗinkin hula da shuɗin zare in ba ke ba? Ƙulle min yaro kika yi! Tun damina yake fitsarin jini, ashe macijiyar tana gado ɗaya da shi!"

Ta sa tsinke ta ɗauko zaren ta jefa a garwashi. Abin bai kama da wuta ba. Sai ya murɗe, ya nannaɗe kamar tsutsa, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙodago, wani wari ya tashi.

Inna ta ja da baya tana salati. "Kin gani ko? Rai gare shi! Yau sai ya sake ki, ko ni na bar gidan nan."

Ta shiga ɗakin Hasiya ta tattaro zarurrukan da hular da ba a ƙarasa ba, ta ƙulle a bakin zaninta.

Hasiya ta sami mijinta a kwance, ya rame sai idanu. Ta durƙusa, hawaye na ɗiga a hannunsa.

"Yayana, ka ji me Inna ta ce?"

"Na ji, Hasiyata... Ko a mafarki ban zarge ki ba."

"Ni kuwa har na fara tsoron hannuna. Amma zarena toka yake zama in ya ƙone. Wannan warin leda ya yi." Ta sassauta murya. "Me suka bari a cikinka?"

Ya runtse ido. Su biyu kaɗai suka san maganar. Mahaifinsa a gadon tiyata ya rasu, tun ranar Inna ta rantse ba ta yafe ba in ya bari wuƙar likita ta taɓa shi. Da ƙaba ta hana shi noma bara waccan, sai ya ce zai je Kano aikin gini, aka yi masa aiki a ɓoye.

"Raga..." ya ce. "Likitan ya ce ya toshe wurin da wata raga ta roba."

"To ka faɗa mata!"

"Ta tsine min?"

"In ka yi shiru kuma ta raba mu, ciwon ya cinye ka. Ban damu a kira ni mayya ba, Yayana, ni dai kada ka mutu ka bar ni!"

Sai ya dafa bango ya miƙe, ya fita tsakar gida, ya zube a gaban uwarsa ya ɗaga riga ya nuna mata tabon.

Inna ba ta tsine ba. Washegari su uku suka hau mota a Kwanar Dangora zuwa Kano.

A asibiti likita ta zura ƙaramar kyamara ta mafitsararsa, ta juyo musu allon. Ga abin nan ɓaro-ɓaro: shuɗiyar raga ta huda mafitsara ta leƙo ciki, tsakuwa ta daskare a jikinta, silayenta na kaɗawa a hankali.

"Ragar ce ta bar wurinta," in ji likitar. "Yakan faru, ko da ba kasafai ba. Babu hannun kowa a gidanku. Amma sai an sake aiki an ciro ta."

Uzairu ya dubi uwarsa. "Inna... in ba ki yarda ba, ba zan shiga ba."

Inna ta ce, "Na yafe, na farko da na yau. Je ka."

Da ƙofar tiyata ta rufe, Inna ta kwance bakin zaninta, ta ɗora hular da zaren a cinyar Hasiya.

"Ki yafe min, 'yar nan. Ubansa ta irin ƙofar nan ya shiga, ban sake ganinsa ba." Ta damƙe hannunta gam. "Ƙarasa masa hularsa. Shi zai fito ya sa."

Hasiya ta ɗauki allura. Sau biyu tana gwadawa ta kasa zura zaren, sai Inna ce ta karɓa ta zura mata.