Da Hannun Hagu Yake Bugawa

Ina kicin ina yanka albasa na ji ƙarar. Ƙwas... ƙwas... zobe a kan katako. Wuƙar ta suɓuce daga hannuna.

Na leƙa falo, sai ga mijina ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana buga wani ƙaton zobe a tebur, yana yi wa kujerar da ba kowa murmushi.

"Me kake yi?"

"Gwaji, hasken idona. An ba ni matsayi mai magana a fim."

"Matsayin wa?"

Ya rufe zoben da tafin hannunsa. Ai ba sai ya faɗa ba.

A ƙasarmu mijina tauraro ne, in ya hau dandamali ko tari ba a yi. Wasan da ya kwaikwayi manyan sojoji ne ya sa muka tsallake iyaka da kayan jikinmu. Shi ya tsira. Yayana, mai kunna masa fitilun dandamali, shi aka zo aka ɗauka a gabana, kuma bai dawo ba. Hafsan da ya zo ɗaukarsa sai da ya zauna a falon Mama yana buga zobe a tebur, yana murmushi, sannan ya tambaye ta ina ɗanta.

Ban taɓa ba kowa labarin zoben nan ba sai mijina, ina kuka a ƙirjinsa. Ashe yana lallashina yana adanawa.

Na wanke shi tas. Na tuna masa shekarun da ya yi a ƙasar nan yana fitowa a gawa, ko direban da ba ya buɗe baki, ni ke goge masa rigar mutuwar ban taɓa ƙorafi ba. Yanzu da jinin ɗan'uwana zai sayi tafin 'yan kallo? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Ko fim ɗin, ko ni!"

Washegari ya tafi gwajinsa. Na haɗa akwatina, duk da ba ni da ko gwaggo a garin nan, na bi shi zauren da suke gwajin don in ajiye masa mukullin ɗaki a gaban mutane. Haushi nake ji kamar in fashe.

Na tarar da su suna gardama. Daraktan, wani yaro mai gilashi da bai taɓa jin takun soja a ƙofar gidansu ba, yana so mijina ya yi tsawa, ya zare ido, ya hamɓare kujera. Mijina ya kafe wai hafsan bai ɗaga murya ba, da ladabi ya gaishe da tsohuwar. Daraktan ya yi dariya, ya ce ba mai kallon da zai yarda da mugu mai ladabi, in ba zai iya ba akwai masu jira.

"To ka ba su," in ji mijina. "Amma ni ba zan mayar da shi dodo ba. Dodo ba wanda zai gane shi a hanya. Wannan yana nan da ransa, yana gaisawa da mutane."

Dariyar nan ce ta ƙona min rai. Wato abin da na gani da idona shi ne ba za a yarda da shi ba? Ban san lokacin da na yar da akwatin na haye dandamalin ba.

"Ba haka yake yi ba," na ce da mijina. "Da hannun hagu yake bugawa. Kuma bai ce mata tsohuwa ba. Mama ya ce mata."

Mijina ya zare zoben ya mayar da shi hagu, hawaye na bin gemunsa. Na jawo kujerar da ba kowa na zauna a gabansa, inda Mama ta zauna.

"Sake," na ce. "Kuma wallahi kar ka tausaya min."