Rani Ɗaya, Ɗaki Ɗaya

A can wani zamani, an yi wani mai faskare da ya sayi ɗan fili a bakin gari. Kowane rani sai ya gina ɗaki guda ya sa ɗan haya. Rani ɗaya, ɗaki ɗaya, har ɗakuna suka kai uku.

Sai zumuɗi ya kama shi. Ya ce wa tsohon magininsa, "Baba, bana huɗu nake so kafin damina."

Magini ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa sai ya sha rana ya bushe kafin a ɗora wani a kansa."

Mai faskare ya ce, "Baba, ɗora kawai."

Aka yi ta ɗora ɗanye a kan ɗanye. Ruwan farko na sauka, sabon ginin ya rufto, ya danne tsofaffin ɗakuna biyu. Ba a rasa rai ba, amma 'yan haya duka suka naɗe tabarminsu suka tafi.

Da rani ya zagayo, magini ya iske shi yana kwaɓa ƙasa shi kaɗai. Ya tambaye shi, "Bana nawa?"

Mai faskare bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗaya, Baba."