Tukunya ta Biyu a Gidan Jego

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Malam Sa'idu, mai ba da magani a Gidan Jego, ya buɗe kabad ya ga wayam. Babban gwangwanin da ake ajiye maganin masu ciwon zuciya a ciki ya yi ɓatan dabo. Kwaɗo lafiya lau, makulli na rataye a ƙusarsa ta bayan ƙofa. Kafin la'asar Sajan Bunu na 'yan sanda ya jingine kekensa a zaure, ƙafafun wandonsa duk taɓo.

Gidan Jego dai suna ne da mutanen Haɗeja suka laƙaba wa wurin. Wani tsohon gida ne a gefen gari da aka mayar ƙaramin asibiti, gado shida da ɗakin haihuwa ɗaya. Wata takwas ke nan da wani matashin likita, Dokta Abdulwahid, ya tare a ciki yana binciken abin da ke sa masu jego kumburi da haki har zuciya ta gaza. Damina ce ta 1969, ana yaƙi, magani ya yi wuya, kogi kuma ya cika ya shafe hanyar mota.

"Me ke cikin gwangwanin?" in ji Sajan.

"Allurai da ƙwayoyi," in ji likita. "Sai takardun bincikena. Ina da na'ura mai batir da ke zana bugun zuciya a siririyar takarda. Na tattara su duka zan aika babban asibiti a jirgin ƙasa na Litinin. Amma bar zancen takarda, Sajan, zo ka gani."

Ya kai shi gadon ƙarshe. Wata yarinya ce zaune, an tokare ta da matasai don ba ta iya kwanciya. Ƙafafunta sun kumbura suntum, tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu da tulu a ka. Sunanta Safara'u, haihuwar fari, kwananta ashirin da uku da sauka. A ƙasa kan tabarma mahaifiyarta, 'Yar'azumi, na jijjiga jariri.

Likita ya rage murya. "Ruwa ke taruwa a huhunta. Sauran biyar za su iya jira, ita sai da allura safe da yamma. Ta samu ta safe. Wani maganin kuwa sai jirgin Kano ya iso tashar Malam Madori ranar Litinin."

"Za ta kai Litinin?"

"Ba na jin za ta kai Lahadi."

Sajan ya ƙura wa yarinyar ido. Ya san wannan hakin, wallahi ya san shi. Da irinsa matarsa Sakinatu ta tafi shekara tara da suka wuce, ta bar masa 'ya a zanen goyo. A lokacin cewa aka yi sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta.

"Me ke kawo shi, likita?"

"Ban tabbatar ba tukuna, shi ya sa nake bincike. Amma ina zargin wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya kan gadon wuta, da kunun kanwa. Zafi na wahalar da zuciya, kanwa kuma na tara ruwa a jiki. Duk na hana su a nan."

Sajan ya juya daga bakin gadon. Ya gyara hularsa, ya ce a kira masa Sa'idu.

Sa'idu ya shigo yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ajiye rantsuwar, Malam. Ina kake daga azahar?"

"Masallaci, ranka ya daɗe. Sahu ɗaya muka yi da likita."

"Wa ya san inda makulli yake?"

"Kowa. Masu jinya ma suna kallo nake rataye shi."

"Madalla da ajiya! Waɗancan kwalaben na sama fa?"

"Fanisilin ne."

"Da shi da maganin zuciya, wanne ake rububi a kasuwa?"

"Haba, ai fanisilin. Na zuciya wa ma ya san shi?"

Sajan ya sallame shi. Ɓarawon da ya san magani ba zai tsallake fanisilin da agogon tebur ya rungumi gwangwanin takardu ba. Wanda ya yi wannan aiki ba kasuwa ya nufa ba.

Malama Ma'u, nas ɗin gidan, ta ce tun sha biyu take ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda daga Kirikasamma, ba ta fito ba sai bayan biyu. Dangin matar sun shaida. Ke nan kusan awa biyu ɗakin marasa lafiya babu ma'aikaci ko ɗaya.

Saura Baba Haruna mai gadi, tsoho mai ji da aikinsa.

"Ranka ya daɗe, ko ƙwarya ɗaya ba ta shiga sai na ɗanɗana. Likita ya ce ban da kanwa, ban da gishiri. Harshena ya fi na'urarsa."

"Na ji abin da ke shiga. Me ya fita?"

"Ba komai."

"Ko tsinke, Baba?"

Tsoho ya sosa ƙeya, ya kawar da kai. "To, sai tukwanen mata. Ka gane ai. Mabiyiya, da ake kaiwa gida a binne. Biyu suka fita, rufe da faifai."

"Ka buɗe?"

"A'uzubillahi! Ni da furfurata? Namiji ya leƙa tukunyar mabiyiya? Ko fuskar masu ɗauka ban kalla ba, sunkuyar da kai na yi suka wuce."

Sajan ya juya wajen Ma'u. "Malama, haihuwa nawa aka yi yau?"

"Ɗaya."

"Tagwaye?"

"Ɗa ɗaya tak."

To, hanya dai ta samu. Mace ce, kuma wadda ta san abin da namiji ba zai taɓa dubawa ba. Amma masu jinyar marasa lafiyan shida ne, rana kuma sai sunkuyawa take.

Sajan ya koma ɗakin ya tsaya yana kallonsu. Biyar sun yi jugum-jugum, wata na sharar hawaye, wata na tambayar ko an gani. 'Yar'azumi kaɗai ke wasa da jariri hankali kwance, alhali 'yarta ce ta fi kowa jin jiki. Wannan ya tsaya masa a rai. Ya ja Ma'u gefe.

"Cikin marasa lafiyan nan shida akwai wadda magani ba ya yi wa aiki?"

"Safara'u. Kullum da safe muna ɗora su a sikeli. Kowa nauyinta na raguwa, nata kwana huɗu ke nan yana ƙaruwa. Abin ya ɗaure wa likita kai."

Sajan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon. Butoci biyu ne. Ya ɗauki ɗaya, ruwa. Ya ɗauki ta biyu ya sansana, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu. Kunu ne, ja, mai kauri, warin kanwa har ƙwaƙwalwa. Wane mai gadi ne zai ɗanɗana butar alwala?

"Iya," ya ce, "miƙa wa Malama yaron, mu je zaure."

Ta biyo shi ba gardama, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, hannuwanta duk tabon ruwan zafi. Ya ba ta tabarma, shi ya tsuguna.

"Iya, ina kika je da azahar?"

"Gida, ɗebo tsumman yaro."

"Da tukunya a hannu?"

"Ɗan nan, ni sa'ar uwarka ce. Tsare ni za ka yi da tambaya?"

"Sa'arta ce ke, shi ya sa na tsuguna. Bari in faɗa miki abin da na gani, in na yi ƙarya ki tsayar da ni. Wanda ya ɗauki gwangwani bai taɓa abin sayarwa ba, don haka ba ɓarawo ba ne. Takardun yake so. Bai iya karatu ba, ya kasa gane wacce ce tasa, sai ya kwashe duka har da maganin da ke ƙasa. Haihuwa ɗaya aka yi, tukunya biyu ta fita. Cikin masu jinya ke kaɗai ba ki yarda da likita ba, ga butarki shaida. Ke kaɗai kuma hankalinki ya kwanta da abin ya ɓace. Ga jar laka a gwiwar zanenki, nan gidan kuwa siminti ne."

Ta dubi gwiwar zanenta. Da ta ɗago, idanunta sun kaɗa.

"Kai ba ka jin rediyo? A gidan maƙwabcinmu na ji da kunnena. Likitoci a wata ƙasa sun tsaga ƙirjin mutum, sun cire zuciyarsa sun dasa wa wani. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne, an yi."

"To! Kullum sai ya ɗaura wa 'yata wayoyi, ƙarfe na zana zuciyarta a takarda. Jiya ina kallo suka ɗaɗɗaure takardun za a kai birni. In manya suka duba suka ga tata ta yi musu fa? Yarinya ɗanya shakaf! Ya hana ta wanka, ya hana ta kanwa, don ta yi laushi. Tara na haifa, Sajan, ita kaɗai ta rage mini."

Tausayi ya kama Sajan, haushi kuma ya taso masa. Ya so ya daka mata tsawa, ya danne.

"Iya, babu mai cire zuciya a Haɗeja, ko wutar lantarki gidan nan babu. Allurar da ke riƙe da numfashinta na cikin gwangwanin nan. Ina yake?"

"Na jefa a kogi."

"Ba ki jefa ba. Ke a wurinki takardar nan jikin Safara'u ce. Abin da ya fito daga jikin 'ya ba a ƙona shi, ba a ba kogi. Binne shi ake yi a bayan ɗaki, wurin wankan jego, kusa da mabiyiyar jikanki. Zan iya zuwa in tona da kaina, amma laluben wurin zai ci lokacin da ba mu da shi."

Sai tari ya taso daga ɗaki, mai ruwa-ruwa, ya ƙi tsayawa. Aka ji Ma'u na kiran likita da ƙarfi.

"Saurara, Iya. Kwana huɗu kina ba ta kunu. Sauƙi kika ji, ko ƙari?"

Tsohuwa ta dafa bango ta miƙe. "Ɗauko fartanya," ta ce.

Gidanta na unguwar bakin kogi, ruwa ya riga ya shigo tsakar gida har idon sawu. Ta nuna wurin da ƙafa. Sajan ya tuɓe takalma ya shiga tono, yana haƙa ruwa na cike ramin. Da ya ciro tukunyar, laka ta cika ta fal. Ya ɓalle murfin gwangwani. Takardu sun zama dusa, aikin wata takwas ya tafi. Ƙwayoyin da ke cikin ambulan sun narke. Ya zura hannu can ƙasa yana salati, sai ya ji sanyin gilashi. Ƙananan kwalaben allura ne, goma sha ɗaya, ko ɗaya bai fashe ba. Ya cusa su a hula, ya haye keke ba takalmi.

Ana kiran magariba likita ya soka allurar. Bai ko tambayi takardunsa ba sai da numfashin ya fara daidaita. Da Sajan ya gaya masa, ya zauna a bakin gado ya dafe kai, can ya ce, "Laifina ne. Wata takwas ina awon zukatansu, ban taɓa zama na yi wa iyayensu bayani ba."

Da hantsin Asabar Sajan ya dawo. Safara'u na kishingiɗe tana ba ɗanta nono, kumburin fuskarta ya saɓe. Likita ya kira 'Yar'azumi, ya sa mata abin sauraren ƙirji a kunne, ya ɗora bakinsa a ƙirjin 'yarta. Tsohuwa ta zabura, sannan ta natsu. Ta daɗe tana ji, hawaye na bin kumatunta.

"Tana nan," ta ce. "Wallahi tana nan."

A zaure ta tari Sajan, ta miƙa masa hannuwa biyu a haɗe.

"Ga ni, ɗan nan. Kai ni gidan yari. Na kusa kashe 'yata da hannuna."

"Likita ya ce ba ya ƙara. Sauke hannunki, Iya."

"Kai fa? Jiya na ga yadda ka kalle ni."

Sajan ya kama kan kekensa.

"Matata ma haka ta yi haki," ya ce. "Aka ce sanyi ne. Ni na sayo icen wankanta da kaina, na kwana arba'in, na zaɓo mai ƙarfin wuta don ina sonta. Ranar da muka kai ta makwancinta, rabinsa na jibge a ƙofar ɗaki."

Ya tura keken ya fita, bai hau ba har ya sha kwana.