Gangar Birkin Motar Alhaji Maharazu

A garejin Funtuwa Isyaku bakanike ya fara ganin Lauratu, ta rako babanta Alhaji Maharazu, mai sayen auduga a Tsiga. Ya ɗago kai daga ƙarƙashin mota suka haɗa ido, sifana ta suɓuce masa. Ta rufe baki da gyale tana dariya.

Daga nan wasiƙu suka fara kai da komo.

"Tauraruwata, jiya sau uku ina ɗaure noti ɗaya saboda tunaninki. Naki, Isyaku."

Da magabatansa suka je neman aure, Alhaji ya ce shi ba zai ba mai baƙin mai 'yarsa ba. Dogo, malamin awon auduga, yake so ya ba. Dogon ma ya baza cewa Isyaku yana da mata a Kaduna. Lauratu ta daina ba da amsa.

Ƙarshen damina Isyaku ya hau kekensa ya nufi Tsiga don ya yi mata ban kwana. Ya tarar da ƙofar gida cike da jama'a. Maciji ya sari mahaifiyarta, Baba Tsohuwa, a gona, ga motar Alhaji da ta yi wata biyu a ajiye ta ƙi motsi. Gangar birkin baya ta cije da tsatsa. An riga an ɗaga motar an cire taya, Dogo yana shirin narka mata tabarya.

"Kada ka fasa ta!" in ji Isyaku.

Ya durƙusa, ya sa aka sauke birkin hannu. Ya zura sukudireba ta baya ya sassauta birkin, ya ɗiga kananzir a bakin gangar, sannan ya riƙa ƙwanƙwasa ta da guduma a hankali, yana zagayawa. Shiru. Lauratu tana tsaye, hawaye na zuba.

Ya ƙara bugu biyu. Ƙas! Gangar ta saki, jar ƙura ta zubo. Ya goge ta, ya mayar, ya ɗaure taya.

"Alhaji, a ɗauko Baba."

Isyaku ne ya ja motar har asibitin Malumfashi. Da la'asar likita ya fito ya ce an tsallake, da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Alhaji ya zauna daɓas a dakali yana ta hamdala.

Lauratu ta matso. "Ina matar taka ta Kaduna?"

"Wace Kaduna? Ni ko Zariya ban taɓa wucewa ba, Tauraruwata."

Ta yi ajiyar zuciya. "To ka yafe mini, sahibina."

Alhaji ya dubi Isyaku ya ce, "Yaro, ka ce wa iyayenka su dawo. Wancan karon ni na yi gaggawa."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Baba Tsohuwa, tana ɗingisawa, ta riƙe hannuwansu ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Jama'a suka amsa da amin.