Bas Biyu na Ranar Juma'a

Nana Zejna tana murza ƙullun pita, gurasarmu mai nama a ciki, a kan teburin kicin, jikarta Belkisa ta faɗo gida da gudu, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba. Farkon watan Yuli ne na shekarar 2003. Daga gidan waya take, inda ta kira jami'o'i biyun da ta zauna wa jarrabawar shiga.

"Nana, sun ɗauke ni. Duka biyun, Tuzla da Sarajevo, kuma duk Kemistiri."

"To cire takalmin nan tukuna, likitar ruwa. Yanzu na goge ƙasan nan."

Haka Nana take kiranta, saboda tun tana 'yar aji bakwai Belkisa take cika kwalabe da ruwan kogin Drinjača tana jera su a taga, tana ɗiga musu abubuwa don ta ga launinsu ya sauya. Mu da muka yi aji ɗaya da ita a Kladanj har yau muna tuna yatsunta, kullum da tabon shuɗi ko rawaya. A wancan lokacin garinmu bai yi shirun da ya yi yanzu ba. Injin yankan katako yana kuka tun safe, yamma ta yi kowa ya fito bakin gada shan iska.

Da azahar mahaifinta Hasib ya shigo daga shagonsa na kafinta, garin katako har a girarsa. Ya ji labari, ya sumbaci goshinta, ya zauna.

"Alhamdulillahi. Tuzla ke nan. Tafiyar awa ɗaya, kowace Juma'a kina gida."

Belkisa ta sunkuyar da kai. "Babo, ni Sarajevo nake so. Ɗakin gwaje-gwajensu ya fi girma, akwai na'urorin da…"

"Na'urori?" Ya ajiye cokali. "Ko dai na'ura ɗaya mai dogon wuya, ɗan gidan Zumreta?"

Kowa a Kladanj ya san zancen Belkisa da Vedad. Ya girme ta da shekara ɗaya, yana karatun Fiziks a Sarajevo. Mahaifinsa ya rasu a yaƙi, mahaifiyarsa Zumreta ce ta raine shi da ɗinki. Yaro ne mai kunya, idan ya gaida babba sai kunnuwansa sun yi ja.

"Ba don shi kaɗai ba ne, Babo."

"Ba don shi kaɗai ba, ashe dai yana ciki. Ki saurara da kyau, Belka. Yayanki Elvir ma karatu ya ce zai je Sarajevo. Shekara ɗaya ya yi, sai ga waya daga Jamus. Yau shekara shida, ko kabarin mamarku bai zo ya gani ba. Ba zan sake kai ɗa wannan garin ba. In kin tafi, ki tafi, amma yaron nan kada ya ƙara taka ƙofar gidana."

Ya tashi bai gama cin abincin ba. Belkisa ta kifa kai a cinyar Nana ta yi kuka har pitar ta huce.

Washegari da la'asar suka haɗu da Vedad a bakin gada, inda idon kowa yake kansu. Ya zo hutu ne. Ta faɗa masa komai.

"To ni zan dawo Tuzla," ya ce. "Su ma suna da Fiziks. Ko da sun ce in maimaita aji ɗaya, ba komai."

"Ka yi hauka ne? Kai ne na biyu a ajinku."

"Na uku. Kin ga asarar ba ta da yawa."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ita dai ta ɗauka wasa yake, ashe da ya koma gida ya faɗa wa mahaifiyarsa.

Kwana biyu bayan haka Zumreta ta zo gidan Hasib, tsinin allura har yanzu a maƙale a gaban rigarta. Nana ta zuba mata gahawa da ƙwayar sukari a gefe, Zumreta ba ta ko kalli kofin ba.

"Hasib, ka ja wa 'yarka kunne. Da allurar nan na kai yaron nan jami'a, idona har ya fara mutuwa. Yanzu zai zubar da shekara guda saboda ita?"

"Ke dai ki ja wa naki kunne. Wa ya aike shi? Ni ko a Tuzla ba na son ganinsa."

"Au, ɗan nawa ne bai kai ba? Naka da ya kai, yana ina?"

Fuskar Hasib ta sauya, ya miƙe ya fita zuwa shago. Zumreta da kanta ta ji ta wuce gona da iri, ta juya ga Belkisa da ke tsaye a bakin ƙofa, murya ta yi ƙasa.

"'Yata, ba ƙinki nake yi ba. Shi kaɗai gare ni."

"Na sani, Teta Zumreta. Ba zai bar Sarajevo ba, na yi miki alkawari."

Bayan ta tafi, Nana ta shanye gahawar da aka bari, ta ce wa Belkisa, "Duk kuna ta faɗa a kan wurin da ba ki gani ba sai ranar jarrabawa. Je ki duba su da idonki, ke kaɗai, ba uba ba saurayi."

Haka aka yi. Ranar Litinin ta bi bas ɗin safe zuwa Sarajevo. Wani ɗalibi ya zaga da ita, ya nuna mata na'urar da ke gano ƙarfe a cikin ɗigon ruwa guda, irin wadda sai a littafi take gani. Ta tsaya gabanta kamar ta taɓa. Ranar Laraba ta je Tuzla. Ɗakin gwajin bai kai wancan girma ba, amma wata malama mai furfura ta zaunar da ita kusan awa guda, tana tambayarta me ta gano a ruwan Drinjača, har tana rubutawa. Ta ce ɗalibanta kaɗan ne, kowa da hannunsa yake aiki tun shekarar farko.

Belkisa ta dawo ta fi da rikicewa. Ta so ɗaya ya zama mummuna don zaɓi ya yi sauƙi, sai ta tarar duka biyun suna da kyau, kuma a ranta ta san Sarajevo ta ɗan fi jan ta, ko da babu Vedad.

Ranar Asabar Nana ta aike ta sayen burodi da hantsi. Tana wucewa ta tasha, sai ta hango mahaifinta tsaye a jikin bango, hula a hannu. Bas ɗin Jamus ne ya tsaya. Mutane suna saukowa da manyan jakunkuna, ana rungume-rungume. Hasib yana bin kowace fuska da kallo har direba ya rufe ƙofa. Sannan ya mayar da hularsa, ya kama hanyar shago a hankali. Ba ta taɓa lura bayansa ya fara ranƙwafawa ba sai ranar.

"Tun yaushe yake zuwa can?" ta tambayi Nana.

"Kowace Asabar, shekara shida. Cewa yake ya je duba katako."

Da yamma Belkisa ta sami mahaifinta a shago yana goge wata ƙofa.

"Babo, na zaɓi Tuzla. Amma ina so ka sani, na je na ga Sarajevo kuma ta burge ni, ba don kowa ba. Na bar ta ne don kai. Vedad zai zauna inda yake. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka hana mu gaisawa."

Hannunsa ya tsaya a kan katakon. Bai juyo ba.

"A tasha, da rana, inda kowa yake gani. Maganar aure kuma ba na son jin ta sai kun gama, ku duka biyun."

Vedad bai ji daɗi ba da farko. Ya ce shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Ta ce masa in ya bar karatunsa saboda ita, ba za ta iya haɗa ido da mahaifiyarsa ba har abada. Daga ƙarshe ya ce, "To ki riƙa zama ta gefen taga, in riƙa hango ki tun daga kwana."

Waɗannan shekarun su ne muka fi tunawa. Kowace Juma'a bas ɗin Tuzla yana shigowa ta arewa wajen ƙarfe huɗu, na Sarajevo ta kudu bayan rabin awa, idan dusar ƙanƙara ba ta tare shi a kan dutse ba. Wanda ya riga isowa ya jira ɗayan a kan bencin da ke gaban mai sayar da jarida. Su yi rabin awa suna hira, ita tana ba shi labarin ƙona rigar gwaji da ta yi, shi yana ƙorafin lakcar ƙarfe takwas da sanyin ɗakin kwanan ɗalibai. Sai ya ɗaukar mata jaka har kwanar layinsu, ya ajiye, ya juya. Ƙawayenmu suna tsokanarta, wai 'yan matan Sarajevo za su ɗauke shi kafin ta gama wanke kwalabenta. Akwai Juma'ar da ba su yi wa juna magana ba saboda irin wannan zancen, suka zauna ƙarshen benci da ƙarshen benci. Amma ko ranar sai da ya ɗauki jakar.

A bazarar shekararta ta uku, zarton inji ya yanki hannun Hasib na dama, aka yi masa ɗinki aka naɗe. Ga ƙofofi da tagogin wani gida da ya yi alkawarin kammalawa kafin bikin masu gidan. Da safe ya je shago yana tunanin yadda zai yi, sai ya tarar da Vedad a bakin ƙofa cikin tsohuwar riga.

"Amija Hasib, ka ce kada in taka ƙofar gidanka. Ba ka ce shago ba."

Hasib ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe masa ƙofa.

Mako uku suka yi, ɗaya yana ba da umarni da hannun hagu, ɗaya yana ɓata katako. "Shekara huɗu kana karanta Fiziks, ba a koya maka ta ina ƙusa take shiga ba?" Vedad ya ce a littafi ƙusa ba ta lanƙwashewa. Tafukansa suka yi ruwa suka fashe, bai fasa zuwa ba. Zumreta ta fara aiko musu da abincin rana, na mutum biyu. Wata rana Hasib ya tambaye shi, ba tare da ya kalle shi ba, ko shi ma Jamus zai nufa in ya gama.

"An yi mini tayi," Vedad ya ce. "Na ce a'a. Mamata tana nan, Belkisa tana nan. Makarantarmu ma ba ta da malamin Fiziks tun da na bar ta."

Ranar da suka kafa ƙofar ƙarshe, Hasib ya ce, "Wanke hannunka, ɗana. Nana ta yi pita." Ranar ce Vedad ya fara shiga gidan, kunnuwansa ja wur.

Belkisa ta gama digirinta da sakamako mafi kyau a ajinsu. Malamar nan mai furfura ta rubuta wa abokan aikinta na Sarajevo, suka ba ta gurbin digiri na biyu a kan binciken ruwa. Takardar ta kwana uku a jakarta, ta kasa nunawa. Nana ce ta ciro ta ajiye kusa da kofin Hasib. Ya sa tabarau ya karanta har sau biyu.

"Yaushe ake rajista?"

"Babo, ba dole ba ne in…"

"Na tambaye ki yaushe. Kin ba ni shekara huɗu, Belka, ban ma san yadda zan gode miki ba. Tsorona ne na ɗora miki, ke kuma kika ɗauka ba ki taɓa yi mini gori ba. Ni zan raka ki."

An ɗaura aurensu a watan Satumba, Zumreta ce ta ɗinka rigar amarya. Elvir bai samu zuwa ba, amma ya kira, Hasib ya karɓi wayar suka daɗe suna magana, ya fito yana share ido. Bayan shekara biyu Belkisa ta dawo da digirinta na biyu, tana aikin gwajin ruwan sha a yankinmu, Vedad kuma yana koyarwa a tsohuwar makarantarmu.

Duk lokacin da ɗalibansa suka zo gidansu neman shawara a kan jami'a, Belkisa takan ce su je su ga wuraren da idonsu, su faɗa wa iyayensu gaskiyar abin da ke ransu, kada su yi fushi su fice. Iyaye sukan tsananta ne saboda wani ciwo da ba su iya faɗa ba, kuma wanda yake son ka da gaske zai iya jira ba tare da ya raba ka da naka ba. Ita ta jira shekara huɗu, ba ta rasa karatu ba, ba ta rasa miji ba, ba ta rasa uba ba.

Hasib ya rasu shekara biyar da suka wuce. Vedad da Elvir ne suka saka shi a kabari, ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa.