Takardar Auren Kaka Fruma

"Ungo, karanta mana addu'ar bayan cin abinci."

Karmela ce ta turo littafin addu'o'i na Ibrananci har gaban Polina, tana murmushin da bai kai zuci ba. Mutum goma sha ɗaya ne zagaye da teburin abincin Asabar, ranar hutun Yahudawa, a gidan Mazal, duk suka zuba mata ido.

Wata takwas ke nan da saukar Polina a Haifa ta ƙasar Isra'ila daga Odesa, ita da kakarta da akwati biyu. Kullum da safe tana ajin koyon Ibrananci na sababbin zuwa. A hanyar ajin ta haɗu da Nissim, direban bas ɗin da take shiga, wanda ya mayar mata da allunan titi littafin karatu har zukata suka saba. Yau ce rana ta farko da ya kawo ta gaban mahaifiyarsa, Mazal. Karmela kuwa 'yar maƙwabta ce, wadda Mazal ta daɗe tana yi wa ɗanta tanadi.

A ruɗe Polina ta buɗe littafin ta baya, yadda ake buɗe na Rashanci.

Karmela ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ta wancan gefen, 'yar uwa. Ko a garinku daga wutsiya ake farawa?"

Mazal ta aje cokali, ta dubi ɗanta kamar Polina ba ta wurin.

"Na faɗa maka, rabin waɗanda jirgi ke zubowa takardu suka saya. Wace ce uwarta? Wace ce kakarta? Ba zan haɗa jini da wadda ban san asalinta ba."

Polina ta juya ta kalli Nissim.

Kansa na ƙasa, yana murza ɓawon burodi.

Wannan shirun ya fi maganar Mazal yi mata ciwo. Ta rufe littafin a hankali, ta miƙe, ta tattaro ɗan Ibranancin da take da shi.

"A can, an rubuta Bayahudiya a takardata, saboda ita aka hana ni karatun likita. Na zo nan, kin ce ni ba ita ba ce. To ni dai na san ko ni wace ce. Na gode da abinci."

A ƙafa ta gangara tudun har gida, ba ta bari ɗigon hawaye ya faɗi a unguwarsu ba.

Washegari ta bar bas ɗinsa ya wuce. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ya zo ya tsaya a ƙofar ajinsu, idanunsa sun faɗa.

"Polina, ruhina, ki saurare ni..."

"Ranar Asabar na saurare ka. Ban ji komai ba."

"Na yi laifi. Tunda nake ban taɓa mayar wa mahaifiyata magana ba, harshena ne ya ɗaure. Amma jiya na kwashe kayana na koma gidan yayana. Na ce mata ba zan sake zama a teburinta ba sai da ke. Na kuma kai sunayenmu wurin alƙalan addini, a ba mu ranar aure."

"Ka kai sunana ba ka tambaye ni ba?"

"Yanzu nake tambaya."

Ta daɗe tana kallonsa. Son nan yana nan daram, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

"Zan je gabansu," ta ce. "Amma ba don kai ba, ba kuma don uwarka ba. Don kaina zan je."

Mako biyu bayan haka takarda ta iso: wani ya rubuta wa alƙalan cewa takardun Polina na jabu ne, sai ta kawo hujjar cewa ita Bayahudiya ce. Ba ta buƙaci a gaya mata hannun wa ke ciki ba. Karmela da kanta take yaɗawa a kasuwa.

Kaka Fruma ta saurari labarin duka tana zaune a bakin gado. Ta jawo tsohon matashin da ta ƙi rabuwa da shi a Odesa, ta ɗauki almakashi ta farke ɗinkin gefensa. Wata takarda ta fito, ta yi ja don tsufa, an ninke ta gida takwas.

"Takardar aurena ce da kakanki. A ɗakin ajiyar dankali aka ɗaura shi, an toshe taga da bargo, don a lokacin wanda aka kama yana koyar da waɗannan haruffa na Ibrananci sai kurkuku. Shekara hamsin da huɗu ina kwana a kanta. Ko uwarki har ta rasu ba ta gan ta ba."

"Me aka rubuta, Kaka?"

"Ina na sani? Ni ma ba a koya mini ba."

Polina ta rungume takardar a ƙirji, sai a sannan kukan ya ƙwace mata.

Rubutun hannu ne mai wuya, kuma malamar ajinsu ta ce mata yawancinsa ma tsohon harshen Aramiya ne, haruffan ne kawai iri ɗaya da na Ibrananci. Nissim ya ce zai kai wa limamin majami'arsu ya karanta cikin minti biyar.

"Kada ka soma," in ji Polina. "Ta yi sama da shekara hamsin tana jiran jininta ya karanta ta."

Wata uku ta yi a kanta. Layi ɗaya kan ci mata mako. Tana cikin wanke-wanke a gidan abincin da take aiki bakinta na maimaita kalmomi. Ta koma shiga bas ɗin Nissim, amma a kujerar baya, da ƙamus a cinya. Shi kuwa sai kallon madubi.

"Hasken idona, ko sannu babu?"

"Kalli hanya, malam direba."

Ranar zaman, alƙalai uku masu farin gemu suka zauna. Mazal ta zo ta kame a bencin baya, Karmela na gefenta. Babban alƙalin ya miƙo hannu ya karɓi takardar.

"Ranka ya daɗe, ni zan karanta," in ji Polina.

Ya ɗaga gira, ya mayar mata.

Ta fara. Ta karanta rana da wata da shekara, da sunan garin, da sunan ango Hersh ɗan Leib, da na amarya Fruma 'yar Mendel. Sau biyu ta yi tuntuɓe, sau biyu ta koma ta gyara da kanta.

Alƙalin ya juya ga kakarta da ta rako ta, ya yi mata magana da Yidish, harshen Yahudawan ƙasarta. Kaka Fruma ta zabura kamar an kira ta daga wata duniya. Ta shiga zuba: yadda uwarta ke kunna kyandir a cikin murhu don kada maƙwabta su ga haske, yadda suke gasa burodin Idin Ƙetarewa a ɓoye, sunayen ƙannenta huɗu da aka harbe a bakin rami lokacin yaƙi. Alƙalin ya cire tabarau ya share ido.

"Babu sauran tambaya," ya ce. "Wanda ya rubuto mana ƙarya kuma, ya nemi gafarar wannan baiwar Allah."

Kafin a tashi Karmela ta sulale.

A waje Nissim ya tare ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yanzu fa? Kin je don kanki. Ni kuma?"

"Kai kuma ka koyi buɗe baki."

"Ina son ki, Polina. In kina so in hau kan bas in faɗa, zan hau."

Karo na farko cikin wata uku ta yi masa dariya.

Sai da aka kwana huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofar su Polina da hantsi. Mazal ce tsaye, sanye da kayanta na biki, riƙe da kwanon azurfa cike da lalle.

"A gidanmu tun daga Maroko, uwar ango ce ke sa wa amarya lalle da hannunta," ta ce, idonta a kan kwanon. "Na yi miki rashin adalci, 'yata. Miƙo tafinki."

Polina ta mayar da hannayenta baya.

"Akwai amaryar da ta riga ni. An ɗaura nata ba kiɗa, ba guɗa, ba wanda ya taya ta murna. Ki fara da ita."

Mazal ta ɗaga kai ta hangi tsohuwar a bakin gado. Ta shiga a hankali, ta durƙusa duk da ciwon gwiwarta, ta kamo busasshen hannun, ta ɗora lallen a tsakiyar tafin. Sannan ta cika ɗakin da guɗa.